Jakin da Baba Ya Kora

Auta na kan keken ɗinki a falo ranar da Babanta, mai gyaran agogo, ya yanke hukunci a kan saurayinta.

"Ƙato da gemu, sana'arsa kukan jaki a talabijin? Ba zan ba shi 'yata ba! In an ce me surukina yake yi, in ce haniniya?"

"Baba, ɗora murya a fim ake cewa, a situdiyo yake aiki..."

"Ko a jirgin sama yake yi! Kada in sake ganinsa a ƙofar nan, waya ma ban yarda ba."

Auta ta ci kuka har ta ɗinke hannun rigar kwastoma a wuya. Amma ba ta saɓa ba. Ta aika wa saurayin nata, Mai Murya, saƙo ɗaya tak ta bakin yayarta: "Ka yi haƙuri, ina nan." Wata bakwai ba ta sa shi a ido ba.

To Baba yana da wani tsohon littafin yara da ya haddace tun yana firamare, labarin marainiya da jakinta da suka tafi neman yayanta. Sau biyu ana yin fim ɗinsa, sau biyu Baba na kashe talabijin. Na farko sun mai da jakin doki. Na biyu kuwa suka cika shi da rawa. Da aka fara na uku, na katun, wato zane mai motsi, kullum ƙarfe biyar, sai ya zauna da niyyar zagi.

Jakin na buɗe baki, allura ta soki Auta. Muryar saurayinta ce! Har 'yar dariyar nan da yake yi ta hanci in ta tsokane shi. Daga ranar, biyar na yi sai ta dakatar da keke, ta duƙar da kai kamar mai neman zare, tana sauraron mutumin da aka hana ta gani yana cewa wata yarinyar zane, "Ki daure, gida ba nisa." Rabin awa, shi ke nan. Sauran yinin kuwa tsawonsa ya fi shekara.

Baba fa? Zagi bai fito ba. Har shago ya riƙa rufewa da wuri.

Ranar da jakin ya kwanta a bakin rafi yana yi wa marainiya sallama, kowa a falon ya zuba wa talabijin ido. Baba ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

"Haka malaminmu ya karanta mana shi, wallahi haka. Wannan bawan Allah ya san littafin nan. Wane ne shi?"

Hawayen Auta suka riƙa ɗiga kan yadi. Mama ta ajiye kofi a gaban Baba.

"Malam, ai ka san shi. Kai ka ce kada ya sake taka ƙofar nan."

Baba ya dubi talabijin, ya dubi Auta da ta rame kamar tsinke.

"Wata bakwai, ko waya ba ki yi masa ba?"

"Ka hana, Baba."

Ya mai da tabarau. "Ki kira shi. Yanzu, a gabana. Ki ce ya zo da iyayensa."

Sai da ta yi kuskuren lamba har sau uku kafin ta same shi.

'Yan mata, ku ji: da Auta ta haura katanga, da ta samu miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, ta samu duka biyu. Ku kuma iyaye, a saurari mutum kafin a raina sana'arsa.