Wanda Ya Ɗauke Kan Keken Inna

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Litinin aka kawo rahoton. Sufeto bai gama shan shayinsa ba Kofur ya leƙo ya ce an yi sata a layin shagunan da ke bayan makarantar firamare, kuma mutane sun taru a ƙofar sabon kanti, abin yana neman zama rigima.

Sufeto ya san layin. Ƙananan shaguna ne a jere ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya: mai aski, mai kemis, mai kayan miya, mai gyaran takalmi, sai wata dattijuwar tela da kowa ke kira Inna. A ƙarshen layin ne wani kamfani ya buɗe kanti wata shida da suka wuce, mai ƙofar gilashi da manyan firji da janareto. Tun daga lokacin ake zaman doya da manja, domin mai tireda na tsakiya bai yi wata uku ba ya rufe. Mahaifin Sufeto ma ɗan tireda ne, saboda haka ya san irin fargabar da ke cin mutanen.

Ya sa Kofur ya kori taron daga ƙofar kanti, shi kuma ya shiga shagon Inna.

Ya same ta zaune a kan kujera ta haɗa tagumi. Teburin keken ɗinki yana nan, amma kan keken babu, sai rami a tsakiyar katako. Ta ce shekara talatin da ɗaya tana ɗinki da shi, marigayi mijinta ne ya saya mata. Ga kuma yadin kayan makaranta na yara arba'in an yanka an jera, ranar Juma'a za a zo karɓa.

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa ƙalau. Sabon dutsen guga yana kan kanta, yadudduka ba a taɓa ko ɗaya ba. Sai idonsa ya kai kan igiyar fata mai juya keken, an cire ta an rataye a ƙusa jikin bango.

"Inna, ke kika rataye wannan?"

"A'a. Ni sai zan sa wa keken mai nake cire ta in rataye a nan. Ranar Asabar a jikinsa na bar ta."

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a jakata, ɗaya a gida."

A gidan kuwa, daga ita sai ɗan ƙanwarta da ta riƙa tun yana goye, wanda ake kira Dogo. Yana tsaye a bakin ƙofa, saurayi ɗan shekara talatin, muryarsa ta fi ta kowa tashi. Ya ce ba sai an wahala ba, kowa ya san masu kanti suna son shagon Inna su faɗaɗa nasu. Da aka tambaye shi inda yake ranar Lahadi, ya ce tun rana yana gidan kallon ƙwallo har magariba. Kofur ya rubuta, Dogo ya karɓi biro da hagu ya sa hannu.

Daga nan Sufeto ya shiga wurin mai aski, wanda shi kaɗai ya buɗe ranar Lahadi. Mai aski ya rantse cewa da idonsa ya ga ma'aikacin kanti ya fito daga wajen shagon Inna da kwali a kafaɗa.

"Ka ga fuskarsa?"

"Kamar na gani."

"Kayan aikin kanti ne a jikinsa?"

Mai aski ya shiga goge almakashin da babu komai a jikinsa. Daga ƙarshe ya yarda cewa ta madubi ya hango, kuma yana tsakiyar yi wa wani gyaran gemu. Kwali kawai ya gani mai tambarin kanti. Sufeto ya tuna masa cewa irin kwalayen nan a bayan kanti ake jibge su, ko shi mai askin a cikin ɗaya yake tara gashi. Mai aski ya kalli kwalin da ke ƙarƙashin kujerarsa.

Manajan kanti matashi ne siriri, gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin da ke cikin wurin. Sufeto ya nuna kyamarar da ke saman ƙofa, wadda take kallon layin gaba ɗaya. Manaja ya ce ta lalace tun makon jiya.

"To wannan jan fitilar da ke kiftawa a jikinta fa?"

"Haka take yi, ranka ya daɗe."

Sufeto bai matsa ba. Ya zaga cikin kantin kamar mai sayayya, ya buɗe firjin ƙarshe. A bayan kwalaben lemo ya ga wata ƙaramar roba an rubuta "kemis" a murfinta, kusa da ita ga leda cike da tumatir da ganye, ba tambari ba farashi. Ya ɗauko robar ya ajiye a gaban manaja.

Manaja ya zauna a kan kwali. Ya ce maganin masu ciwon suga ne da ba ya son zafi. In an ɗauke wuta, mai kemis yakan kawo ta ƙofar baya ya ajiye masa. Ledar kuma ta mai kayan miya ce. Dokar kamfani ta hana sa kayan waje a firji, kuma kyamarar ciki da ta waje na'ura ɗaya ke naɗarsu. In hoton ya je hannun manyansa, aikinsa ya ƙare, ga shi matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba.

"Su mai kemis ɗin suna cikin taron da ya tsaya maka a ƙofa ɗazu?"

"Suna baya-baya. Kunya suke ji a san suna shigowa nan."

Sufeto ya yi murmushi. Ya ce shi ɓarawon keke yake nema, ba tumatir ba. Hoton waje na ranar Lahadi kawai zai ɗauka.

Suka zauna a ɗan ofishin baya suna kallo. Ƙarfe biyu da minti goma na rana wani mutum ya zo da kwali, ya buɗe shagon Inna da makulli ya shiga. Bayan minti tara ya fito da kwalin a kafaɗa, ya kare fuskarsa daga kyamara, ya kulle ya wuce. Fuska dai ba ta fito ba, amma rigar ta fito sarai, ruwan toka mai gajeren hannu.

Sufeto ya aika aka zo da Inna ita kaɗai. Ta sa tabarau ta matsa kusa da allon. Ta ce a tsayar. Ta daɗe tana kallo kafin ta cire tabarau ɗin ta riƙe a cinya.

"Ɗinkina ne. Ka ga aljihun ƙirji a dama yake? Mutum ɗaya nake yi wa haka a duniya, don bahago ne tun yana yaro."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce a kira shi.

Dogo ya shigo da sauran zafinsa, amma da ya ga allon sai ya sassauta murya. Ya fara cewa riga ai tana kama da riga. Sufeto ya ce to, za su je gidan kallon ƙwallo a tambaya, daga can su wuce ɗakinsa. Ya kuma tambaye shi wane ɓarawo ne yake ɓata lokaci ya rataye igiyar keke a ƙusar da mai shago take ratayewa.

Dogo ya durƙusa. Ya ce keken yana ƙarƙashin gadonsa, ya naɗe shi da bargo, ko ƙwarzane bai yi ba. Shekara biyu yana roƙon Inna ta huta ta bar masa shagon ya sa kayan waya, tana cewa sai ranar da keken ya tsaya. Shi kuma duk sa'anninsa sun kama sana'a, shi yana zaune yana jiran a ba shi na kashewa. Ya yi tunanin in babu keke za ta haƙura. Da ya ji mai aski yana maganar kwali, sai ya bi bakinsa ya jingina wa kanti.

"Saura kaɗan a fasa wa bawan Allah gilashi saboda kai," in ji Sufeto. "Ka yi tunanin wannan?"



Kafin azahar Kofur ya dawo da kan keken. Mai gyaran takalmi ya kawo sukudireba, manaja ya riƙe teburin, aka mayar da shi wurinsa. Mai kemis ya fito gaban kowa ya faɗi inda maganinsa yake kwana in babu wuta, mai kayan miya ta ce ita ma haka. Mai aski ya je ya ba manaja haƙuri, ya ce askinsa na wata uku ya zama kyauta. Manaja ya shafa kansa da sanƙo ya fara cinyewa, ya ce mai aski bai yi asarar komai ba. Aka yi dariya.

Kofur ya riƙe hannun Dogo zuwa mota. Sufeto ya tsaya ya gaya wa Inna cewa kayanta ne, ɗanta ne, in ta janye ƙara doka ta ba ta dama.

Inna ta kalli Dogo ta tagar mota, sannan ta kalli gefen rumfarta inda babu komai sai tsohon benci.

"Yau dai ya kwana can ya ji yadda take," ta ce. "Gobe da safe zan zo in karɓe shi. Ga wuri nan a gaban shago, tebur ɗaya zai shiga. Da ya ce min rabi yake so, da tuni na ba shi."

Sufeto ya faɗa wa Dogo saƙon a hanya. Dogo ya rufe fuskarsa da hannu biyu har suka isa caji ofis.