Sandar da Mu'az Ya Bari a Waje

"Kai babba, kai Modibbo, ku zo ku zauna. Yau sai kun ji ni."

Iyatu ta gyara zama a tsakar gidanta na Yalwawa. Babban ɗanta Barau ya zauna yana cin magani, ƙaninsa Modibbo na gefensa. Autarta Mu'minatu tana bakin ƙofa, tana ɓoye murmushi da mayafi.

Abin ya faru ne a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Mu'az, malamin firamaren da ke neman Mu'minatu, ya zo gaida surukai. Ya shigo zaure yana tangaɗi, ya je durƙusawa sai ya kife, gaisuwar ma ta harɗe masa a baki. Barau ya rantse giya ce, ya ce a mayar wa dangin Mu'az da kayan aurensu. Mu'minatu ta yi kuka har ta gaji, amma ta ce ita tana nan tana jira.

"Ku kuka zauna kuna rantse-rantse, ni na hau mota zuwa Jahun, asibitin da ya kwanta," in ji Iyatu. "Ƙarambau ya kwantar da yaron nan. Ƙuraje na bushewa, ciwon ya haura ya kumbura masa ƙwaƙwalwa, daidai wurin da ke tsayar da mutum kan ƙafarsa. Da kunnena na ji daga bakin likita."

"To, Inna, me ya hana shi faɗa?" in ji Modibbo.

"Kunya. Da sanda yake tafiya, amma ya jingine ta a waje, wai kada surukai su gan shi kamar tsoho."

Modibbo ya fashe da dariya. Barau ya sosa ƙeya.

"Yaya, ai sai ka ce masa sori," in ji Mu'minatu. "Yana ta atisaye, jiya ma da kekensa ya je makaranta."

"Ke, rufe mana baki, marar kunya," in ji Barau, amma dariya ta ƙwace masa.

Iyatu ta nuna su da yatsa. "Ido ba ya yanke shari'a sai kunne ya ji. Yarinyar nan ta yi haƙuri lokacin da kuka yi gaggawa, Allah kuwa ya duba ta. Kawunnansa za su dawo ranar Juma'a. Ku ne a madadin ubanta. Ku ba su haƙuri, ku sa rana, ku raba ni da wannan magana."