Taswirar da Lamine Ya Ƙi Gyarawa

A wani shagon kayan miya da ke High Point Road Lamine ya fara ganin Dalila, ta tsare mai shago da faɗa a kan busasshen zogale. Hutu ya kawo shi Greensboro daga California, amma tun ranar hankalinsa bai koma can ba.

"Wane aiki kake yi?" ta tambaye shi.

"Taswirar duwatsun ƙarƙashin ƙasa nake zanawa. Ɗanyen man fetur na wurinmu kauri gare shi, sai an tura masa tururi yake narkewa. Shimfiɗun dutsen kuwa a karkace suke, kusan a tsaye, tururin sai ya yi ta hawa kamar a madambaci. Ni ke nuna inda zai bi."

"Ashe dambu kake dafawa," ta ce tana dariya.

Da maganar aurensu ta taso, mahaifinta, Alhaji Chaïbou, bai yi dariya ba. "Mai haƙar ƙasa? Jamais, har abada! Ga Kader mai garejin motoci nan kusa." Dalili kuwa ko ɗaya bai bayar ba. Da ƙyar Hajiya, mahaifiyarta, ta shawo kansa ya yarda Lamine ya zo gaisuwa bayan Sallah.

Ana gab da ranar, saƙo ya shigo wayar Dalila:

"Dalilata, na gano tsaga a dutsen, ta kai har sama inda ma'aikata ke tsayawa. Shugabannin kamfaninmu sun ce in share ta daga taswira a ci gaba da tura tururi. Na ƙi. Sun sallame ni."

Nan take ta rubuta: "Masoyi, don Allah kar Baba ya ji. A ɗaura aure tukuna."

"Ba zan ɓoye masa ba."

Haushi ya hana ta amsawa, tsoro ya hana ta cin abinci.

Ranar gaisuwa ta laɓe a bayan ƙofar kicin. Lamine ya durƙusa, ya zayyane komai, bai rage ko kalma ba. Dalila ta ji kamar ta kurma ihu.

"Da ka yi shiru fa?" in ji Alhaji.

"Wata rana tururin zai fasa ƙasa a ƙarƙashin ƙafar wani, Alhaji."

Tsohon ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"Ni da ƙanina mun yi aikin ma'adinai a arewacin Nijar. Akwai mai taswira da ya san ramin zai rufta, ya ja bakinsa. Ni na fito da gawar ƙanin nawa." Ya ɗaga murya. "Dalila, na san kina nan, fito. Kai kuma, aiki Allah zai kawo. Na ba ka ita."

Haka aka ɗaura aure, ango ba shi da aikin yi. Da Alhaji ya zo cewa "Allah ya yi muku albarka", ya tsaya a tsakiya ya cire tabarau, sai jama'a suka amsa amin tun bai ƙarasa ba.