Makin Marigayi Vern

Bayan Lyle ya kulle mashayarsa a Chicago, sai ya nufi tsohon injinsa na finbol, teburin gilashin nan da ake buga ƙwallon ƙarfe a ciki. Irinsa kaɗan suka rage, ya fi motarsa tsada. A bango kuwa ga makin marigayi Vern, tsohon gwanin injin, rubuce da alli, har yau ba wanda ya kamo shi.

Lyle ya waiga, ya ɗaga ƙafafun injin na gaba, ya ɗora su kan takalmansa don ƙwallon ya rage gudu. Maki ya yi ta hawa.

Ƙwal! Wani ya ajiye sile kan gilashin, alamar shi ne na gaba. Dattijo ne, yatsunsa duk alli.

"Haba yaro," in ji shi, muryar kamar daga cikin injin take fitowa. "Da takalmi za ka kamo ni?"

Kunya ta rufe Lyle, ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. A nan ya ga wandon dattijon yana lilo a iska, babu ƙafa a ciki.

"Sauke shi," in ji dattijon. "Ni ke da wasa."