Alƙalamin da Anozie Ya Kai Wa Boka

Duk wanda ya yi cinikin littafi a kasuwar Anaca kafin yaƙin basasa ya san Anozie. Rumfata tana kallon tasa.

Ƙananan littattafai yake rubutawa, na soyayya da na 'yan fashi, irin waɗanda direbobi da yaran shago ke saye da sule guda. Yana samun na doya, ba laifi. Matsalarsa Udeagha, abokinsa tun makaranta, shi ma marubuci, wanda littafinsa ke ƙarewa tun tawada ba ta bushe ba. In 'yan mata suka tsaya a rumfar Anozie suna tambayar sabon littafin Udeagha, sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya taɓa ce mini ya yarda hannunsa ya shanye, muddin na Udeagha ma zai shanye.

Wata Lahadi, mutane na coci, ya haye kogi a kwale-kwale ya nufi wani boka a bayan Asaba. Da bakinsa ya ba ni labarin daga baya. Bukkar tana ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya wadda ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A ciki gunki ne na itace, baki buɗe, gashin kaji ya manne masa da busasshen jini, ƙasa kuma duk zanen farin alli. Bokan ya karɓi alƙalaminsa, ya yanka zakara a kai, ya cusa shi a bakin gunkin.

"Labari daga kan mutum yake fitowa," in ji bokan, "kuma kanka ya yi kaɗan. Su wa ke ci daga tukunyarka?"

"Matata, da ƙanena, da 'yata. Me ya kawo su ciki, Baba?"

"Za su taya ka."

"Zan wuce Udeagha?"

"Za ka fi shi yawan littafi."

"Ba shi na tambaya ba."

"Shi nake sayarwa. In bai yi maka ba, ga hanya."

Anozie ya sa hannu ya zare alƙalamin.

Daga nan sai littafi duk mako. Masu ɗab'i suka riƙa faɗa a ƙofarsa, manyan motoci na kwasa zuwa Legas da Fatakwal. Ya gina bene, ya sayi mota. Mu na kasuwa haushi kamar ya kashe mu.

Kan ƙanen Anozie alƙalamin ya fara ci. Yana cikin magana sai ta ɓace masa, har ya koma zama yana kallon bango, yawu na zuba. Sai matar Anozie, Ukamaka, da aka tsinta a tsakiyar kasuwa riƙe da kifi, ba ta san hanyar gida ba. Ba a yi wata ba masunta suka tsamo gawarta daga kogi. Yarinyar kuwa haɗiye abinci ta manta, har ta mutu. Ranar da aka binne ta na iske Anozie a ɗaki, gidan cike da masu kuka, shi yana rubutu.

Na ce ya dubi Allah ya jefa alƙalamin nan a kogi. Bai ɗago ba.

"In jefar, a bar wa Udeagha kasuwa? Jiya a gabana wata ta ajiye nawa ta ɗauki nasa."

Da gidan ya ƙare, alƙalamin ya juyo kan mai shi. Littattafansa suka fara fitowa ba kai ba gindi, masu ɗab'i suka watse, bene da mota suka bi su. Ƙarshe sai ga shi a bayan kasuwa cikin tsumma, yana zane da gawayi a kan buhun siminti. Ko sunansa ka kira ba ya waiwayowa. Mutum ɗaya yake ganewa: Udeagha, wanda kullum ke kawo masa abinci a kwano. Da ya hango shi zai cakumi rigarsa.

"Har yanzu naka suke tambaya?"

"A'a, ɗan'uwa, naka suke nema."

Sai ya ji wannan ƙaryar yake cin abincin.

Kai da ke leƙen rabon abokinka kana kasa barci, ka kiyayi kanka. Boka zai sayar maka da dukiya, ya karɓi kuɗinsa a jikin iyalinka, hassadar da ta kai ka wurinsa kuwa da ita za ka dawo gida.