Makiyayi Ya Bar Garke

Ranar Asabar da la'asar aka bugo wa Sufeto Sama'ila waya. Wani manomi ya tsinci gawa a kwazazzabo can bayan Katabu, ga babur kwance a gefe.

Mamacin sunansa Maliki, ma'aikacin gwamnati ne, a Unguwar Sarki yake zaune. Su huɗu ne abokai masu dogayen baburan nan na shiga daji, masu taya mai haƙora. Duk Asabar sai su kutsa jeji, su hau wani dutse, su dawo. Ba farauta, ba fatauci. Sha'awa kawai.

An yi ruwa da asuba. Ciyawa shar, tururi na tashi daga ƙasa a hankali. Sufeto ya gangara kwazazzabon. Maliki bai mutu nan take ba. Ya ja jiki zuwa gindin wata kanya, ya cire hular kwano ya ajiye a tsanake, ya jingina yana fuskantar hanya. Kai ka ce mota yake jira.

A caji ofis ya tarar da matar Maliki, Humaira, zaune a benci.

"Yallaɓai, ba na ja da ƙaddara," in ji ta. "Amma Baban Umaima ya sha gaya min, a tafiyarsu ba a barin mutum a baya. Shi ya sa hankalina ke kwance in ya fita. Wa ya bar shi? Shi kaɗai nake son sani."

Sufeto ya shige ofishinsa. Ya sa aka shigo da Sambo, jagoran tafiyar.

"Yaya kuke jeruwa?"

"Ni a gaba, sai Faruk, sai marigayi, sai Tijjani. In ka zo mararraba, ka tsaya sai na bayanka ya hango ka. Na ƙarshe muna ce masa makiyayi. Ba ya wuce kowa, ko fitsari ka tsaya sai ya jira ka. Shi ke ɗaukar jakar sifana da galan ɗin mai."

"Duk a babur ɗaya? Ba ya durƙushewa?"

"Kowa daidai nauyinsa yake saita sifirin ɗin baya, Yallaɓai. Makiyayi kuwa tamke nasa yake yi saboda kaya. In ka hau, kamar ka hau katako."

"Da kuka kai kan dutse babu Maliki fa?"

"Tijjani ya ce ya juya gida, wai kansa ke ciwo."

Washegari da hantsi Sufeto ya tafi da Faruk mararrabar da ke hanyar dutsen. Ruwa bai sake sauka ba, komai na nan rubuce a taɓo.

"A nan ka jira Maliki?"

"Wallahi a nan. Sai da na gan shi na wuce."

"To kai tsuntsu ne? Mai babur in ya tsaya sai ya dafa ƙafa. Nuna min sawunka."

Faruk ya duba ƙasa. "Ban tsaya ba. Hanyar ce ta yi daɗi. Na ce ai makiyayi na nan."

Sufeto ya ƙyale shi. Idonsa na kan wani sawun taya guda da ya bar hanya ya shiga burtalin shanu. Hanyar babura zagaye dutsen take yi, burtali kuwa miƙewa yake sama kai tsaye. Ya bi shi a ƙafa, malam-buɗe-littafi na tashi gabansa. Burtalin ya ratsa hanya daidai bakin kwazazzabon, kuma sawun bai tsaya ba, ya ci gaba da hawa.

"Kun ɗauki hoto a sama?"

Faruk ya miƙa waya. A hoton, shi taɓo har gira, abin da tayar Sambo ta watso masa. Tijjani kuwa ƙirjinsa fes, kamar wanda bai bi bayan kowa ba.

Gidan Tijjani a Kurmin Mashi yake. Sufeto ya je da Sambo da ɗan sanda guda. Suka same shi zaune a soro, siririn mutum mai sanyin murya, babur ɗinsa jingine da bango.

"Kai ne makiyayi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Tun da aka fara."

"Jiya ma a baya kake?"

"Ina zan je?"

Sufeto ya ɗaga babur ɗin, ya danna sirdi da hannu ɗaya. Ya lotsa, ya taso a hankali kamar katifa. Ya durƙusa. Ƙarfe na sheƙi inda zoben sifirin ya daɗe zaune kafin a matsar da shi.

"Sambo, wannan ne katakon?"

Sambo ya taɓa. "Wannan saitin mutum ɗaya ne. Babu kaya. Tijjani, ina jakar?"

Tijjani ya kalli ƙofar gida.

"Tana cikin ciyawa a mararraba. Ba wanda ya tambaya. Wa ke waiwayar makiyayi?" Murya can ƙasa, kamar mai ba da labarin mafarki. "Yaya Sambo, ni ban san kalar hanyar nan ba. Bayanku na sani, da taɓonku. Kullum in na iso sama kun gama kallo, kuna tauna gyaɗa. Sau ɗaya tak nake so in riga kowa, in ɓuya, in fito ta bayanku."

"Maliki fa?" in ji Sufeto.

"Na fito daga burtali, shi ma ya kawo. Na bangaje shi, ya gangara. Na waiga, na ga ya ɗaga hannu. Na ce to da ransa, in na sauko zan duba shi."

"Ka sauko?"

"Ranka ya daɗe, gajimare ne a ƙarƙashina. Ba ƙarar injin kowa. Kaduna can nesa kamar an wanke ta. Da suka iso na fito ta bayansu, sai bakina ya ce Maliki ya tafi gida. Daga nan kuma na kasa komawa."

"Hannun da ya ɗaga, kai yake kira. Ya zauna yana jiranka har rai ya fita."

Aka sa masa ankwa. Ya rakuɓe a bakin soro, yana jiran kowa ya fita tukuna, yadda ya saba.

"Wuce gaba," in ji Sufeto.

Humaira na nan a bencinta lokacin da aka shigo da Tijjani. Ta dube shi, ta dubi Sufeto.

"Makiyayin ne," in ji Sufeto.

Ta gyara mayafi, ta miƙe. "Dama shi ne Baban Umaima ya ce ba zai taɓa barinsa ba."