Wayar da Ta Yi Shiru Ranar Lahadi

Farkon maganar da Losaline ta yi wa Angus ƙorafi ne. Ta tsaya a kan teburinsa, a wani kamfanin sayar da tikitin jirgi da ke Brisbane, ta ce, "Kai ne mai ma'aunin nan da ba a san ko daƙiƙa yake ƙirgawa ko minti ba?"

"Ni ne," in ji shi. Ya ɗago kai, bai kuma ƙara samun kwanciyar hankali ba.

Aikin Angus shi ne rubuta ƙananan manhajojin da ke ƙirga lafiyar na'urorin kamfanin, waɗanda ke warwatse a birane da dama, su fitar da alƙaluman zuwa wuri guda. Aikin Losaline shi ne kallon alƙaluman a allo. In wani adadi ya haura iyaka, wayar mai jiran aiki takan yi ƙara, ko ina yake. Sau da yawa Angus ne mai jiran.

Soyayya ta ƙullu ta hanyar saƙo.

"Losa tawa, tun safe ban gan ki ba. Komai nawa ya yi ja, kamar allonki in na'ura ta lalace."

"Rigimamme. Gyara ma'auninka tukuna."

Mahaifin Losaline, Viliami, mutumin tsibirin Tonga ne kuma dattijon coci a Logan, kusa da Brisbane. Sau biyu Angus ya je gidansu cin abincin Lahadi, sau biyu wayar ta tashe shi ana tsakiyar addu'a.

"Ba zan ba da 'yata ga mutumin da waya ke kira kamar kare ba," in ji Viliami. "Ga Maka nan, jagoran mawaƙanmu, bai taɓa barin tebur ba."

Wannan gaskiya ne. Jikin Maka shaida ne.

Losaline ta yi kuka, uwarta ta sa baki, aka ba Angus dama ta ƙarshe: ya zo Lahadi, ya zauna har a kwashe kwanuka. Ya nemi wanda zai karɓe shi jira, kowa ya tuna yana da uzuri.

Ranar Juma'a, don ya faranta mata, ya sauya wa tsohon ma'aunin suna, ya bayyana cewa daƙiƙa yake ƙirgawa. Ya manta cewa ƙararrawar da ke kiran wayarsa tsohon sunan ta sani. Ita kuwa ƙararrawa, in ba ta ga adadi ba, ba ta da abin da za ta yi wa kuka.

Lahadi ta zo. Aka buɗe naman gwangwani da aka gasa cikin ganyen gwaza, Viliami ya ja addu'a mai tsawo. Waya ba ta motsa ba. Ana cikin ci, Losaline ta leƙa tata wayar a ƙarƙashin tebur, ta ga layin allo ya yanke, jama'a kuma sun cika intanet da zagi: tikiti ya ƙi sayuwa. Ta rubuta masa:

"Masoyi, shirun nan ba lafiya ba ne. Komai ya faɗi."

"Na gane tun ɗazu. Sunan da na sauya ne."

"Tashi ka je. Za su kore ka."

"Miƙo mini rogo."

Ya zauna. Ya ci, ya ƙara, ya saurari tarihin rufin cocinsu daga bakin Viliami tun daga ginshiƙin farko. Bai tashi ba sai da aka kwashe kwanuka.

Kamfanin yana alfahari da cewa ba ya ɗora wa kowa laifi in an sami matsala. Saboda haka aka yi taro, aka tabbatar wa Angus cewa ba laifinsa ba ne, sannan aka ƙi sabunta kwantiraginsa.

Losaline ta gaya wa mahaifinta abin da zaman nan ya jawo wa Angus.

"Wawa ne," in ji Viliami. "Amma wawan da ya zauna. Ki ce ya turo iyayensa."

Aka ɗaura aure cikin damina, ango ba aiki, amarya da aikin mutum biyu a kanta. Maka ne ya ja waƙa, kuma ya rera ta da kyau.

A bakin coci Angus ya ce, "Losa, ban san me za mu ci ba."

"Gidanmu ba a rasa abinci," in ji ta. "Haƙuri da Baba ne zai yi maka wuya."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya tagari. Sauran abubuwan kuwa, ban ga alamarsu ba tukuna.